Tsumman Keken Tela

Matar tela ta ɗaga ƙafa za ta tsallake jar igiyar ke nan, sai mai gadi ya yi gyaran murya.

"Yaya, ba ki ga allo ba? An ce kada a taɓa."

"Karatuna bai yi nisa ba," ta ce, "amma na san keken mijina."

Wata bakwai ke nan da rasuwar tela. A cikin watannin aka rushe layin shagunansu, aka shimfiɗa titi, aka dasa itatuwa, tsohon sito kuma aka shafe shi da fenti ya zama gidan tarihin unguwa. Kowa ya kawo abin da ya rage masa. Ita ta ba da keken ɗinki, don kullum ta zo shara sai ta yi karo da shi ta zauna kuka. Mai gadin ma da can aski yake yi a shagon da ke jikin na tela. Kujerar askinsa tana can kusurwa, shi ma an hana shi zama a kai.

Keken yana ta ƙyalli ƙarƙashin fitila kamar ba shi ne ya sha ƙurar shekara talatin ba. Ta leƙa nan, ta leƙa can.

"Wa ya yi masa wanka? Ina tsumman?"

Kowane tela yana ɗaura ƙyalle a wuyan kekensa, inda yake soke fil da allura. Na mijinta daga gefen sabon zanenta ya yanko shi, ba tare da ya tambaya ba. Kwana uku ba ta yi masa magana ba. Daga nan duk faɗan da za su yi, ko a kan gishiri ne, sai ta ce, "Ai ni har yau zanena bai cika ba." Shi kuma ya ce, "Zo ki kwance abinki." Ba ta taɓa kwancewa ba.

Ma'aikaciyar gidan ta iso da sauri, sanye da farar safar hannu.

"Sannu Mama. Tsaftace shi muka yi, muka cire dattin da ke jiki."

"Datti? 'Yar nan, zanena ne."

Ma'aikaciyar ta dubi wuyan keken. Ta ce za ta duba, amma sati uku ke nan, kuma ana kwashe shara kullum.

"To shi ke nan. Wannan keken kowa ne, ba na mijina ba. A kira min mai baro in mai da shi gida."

"Mama, don Allah! Shi mutane suka fi tsayawa kallo."

"Su kalli kujerar aski."

Mai gadi ya sosa ƙeya. Ya zura hannu a aljihun rigarsa a hankali, kamar mai tsoron cizo, ya zaro wani ƙyalle da mai ya baƙanta, shuɗin furensa da ƙyar ake gani. Fil biyu na nan a soke.

"A kwandon shara na tsince shi," ya ce. "Sati uku yana sukata a ƙirji. Mijin nan naki, ko da ya mutu bai daina tsokanata ba."

"Shi ne ka bar ni ina ta zuba?"

"Ai na daɗe ban ji faɗanki ba, Yaya. Unguwar ta yi shiru da yawa."

Ma'aikaciyar ta miƙo mata safar hannu. Matar tela ta dubi safar, ta dubi yarinyar, ta karɓi tsumman da hannunta haka nan, ta tsallake igiya. Ta ɗaura tsumman a wuyan keken, ƙulli biyu, yadda yake yi. Sai kawai ta ga ta zauna. Ƙafarta ta sami wurin takawa da kanta.

Ƙarar keken ta cika sito. Wani tsoho da ke duban hotuna ya waiwayo ya ce, "Kai! Layinmu ya dawo." Mata biyu suka matso. Matar tela ta ɗauka kuka zai zo, ta jira shi, bai zo ba.

"Kai mai aski, fil ɗin nan sun yaga maka aljihu. Tuɓo rigar."

Mai gadi ya tuɓe ya miƙa, ya nufi kujerarsa ta da yana murmushi. Ma'aikaciyar ta riga shi. Ta ɗauke allon daga gaban keke ta ɗora a kan kujerar.

"Baba, kai tukuna."

Matar tela ta lashi bakin zare, ta kanne ido ɗaya tana neman kafar allura.

"'Yar nan, gobe ƙarfe nawa kuke buɗewa?"