Sifirin na Dama

"Ku ɗaga tare mana, ba kowa da lokacinsa ba," in ji Mai Kemis, yana durƙushe a garejin maƙwabcinsa, yatsunsa a ƙarƙashin ƙofa.

Suka ɗaga. Ƙofar ta tashi kamar taƙi guda, ta koma ta zauna daram. Injiniya, babban ɗan gidan, ya duba tafin hannunsa kamar wanda aka ci wa mutunci. Ƙaninsa Lauya kuwa da ma da hannu ɗaya ya kama, ɗayan na riƙe da waya a kunne.

Mahaifinsu, Baba Mai Ƙofa, yana kwance a kujerar bayan mota dafe da ƙirji, matarsa na share masa gumi. Shekara talatin ya yi yana kafa wa mutane ƙofofin gareji. Yau da hantsi aka sa shi a mota za a kai shi asibiti, Injiniya ya danna rimot, sai ɗaya daga cikin sifirin biyun da ke ɗaukar nauyin ƙofar ya tsinke kamar an harba bindiga. Ƙarar ce ta shigo da Mai Kemis ta ƙofar kicin.

"Mu fitar da shi ta cikin gida," ya ce. "Motata na bakin titi."

"Kawu, minti biyu ne. Wannan fannina ne," in ji Injiniya.

"Yaya, ba watan jiya ka canza shi ba?" in ji Lauya.

"Na hagu na canza. Na dama lafiyarsa ƙalau."

"Ai ga lafiyar muna gani."

Mai Kemis yana wurin ranar da aka yi canjin. Tsohon na zaune a kujera, ba ya iya hawa tsani. Ya ce sifirin biyu tare suke tsufa, in ɗaya ya tafi a sallami ɗan'uwansa. Injiniya ya ce wannan zancen masu koyon aiki a bakin titi ne, babu shi a littafi.

Yanzu ga mai littafin a kan tsani da sukundireba, wai zai ƙara ɗaure na hagun ya ɗauki ƙofar shi kaɗai.

Tsohon ya buɗe ido. Muryar da ƙyar take fita.

"Ba da wannan ba... da sandunan ƙarfe ake yi. Kawar da fuskarka daga saitinsa."

"Baba, ka huta kawai."

"Na ce kawar."

Injiniya ya karkata kai cikin gunaguni. Sukundireban ya kuɓuce, ya wuce ta gefen kunnensa, ya ɓantare siminti a bango.

"Da ma na san zai yi haka," in ji shi, ya miƙa hannu a ba shi guduma.

Mai Kemis bai sake neman izinin kowa ba.

"Maman yara, kama ƙafafun," ya ce wa matar tsohon.

Suka ciccibo tsohon su biyu. Lauya ya taimaka da matsawa gefe, yana gaya wa wayar cewa ga su nan a hanya. A kicin, tsakanin firji da wurin wanke-wanke, jikin ya ƙara nauyi farat ɗaya. Mai Kemis ya san irin wannan nauyin. Ya shimfiɗe shi a ƙasa, ya ɗora yatsu biyu a wuyansa, ya daɗe bai ɗauke ba. Matar ta zauna daɓas, ta gyara wa mijinta wuyan riga. A bayansu guduma na ta aiki.

Da rana maza huɗu daga layin suka ɗaga ƙofar da hannu, suka tokare ta da katako. Ko minti guda ba su yi ba. Injiniya na tsaye a gefe, idanu jawur, yana yi musu bayanin yadda ƙarfen zamani ya lalace.

Mai Kemis ya bi ta garejin zai koma gida. Ƙofar bayan motar na nan a buɗe, 'yar fitilar ciki na ci da rana tsaka, silifa ƙafa ɗaya a kife a ƙasan kujera.