Duwatsu Biyu a Ƙofar Gidana

Jiya da dare na yi wani mafarki, irin wanda ba a kai wa malami ya fassara, don kada ya riƙe ciki yana dariya. Amma bari in fara da abin da na kwanta da shi a rai, tunda ruwa ba ya tsami banza.

Sunana Sallau, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Ina zaune a Layin Tsamiya shekara arba'in da ɗoriya, tun tsamiyar tana nan. Ban taɓa mallakar mota ba, keke ma sai da ya tsufa a hannun wani kafin ya zo nawa. Abin da nake da shi a ƙofar gida duwatsu ne guda biyu, kowanne ya kai girman turmi, na shafe su da farar ƙasa. Aikinsu ɗaya ne, kada kowa ya ajiye mota a wurin.

Dalili kuwa, ina da ɗa a Fatakwal. Ɗan fari ne, kuma mu yadda muka taso mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. Ni da uwarsa Uwani, "wancan" muke ce masa. Rabonsa da gida shekara shida. A zuwansa na ƙarshe ya zo da sabuwar mota, ya zagaya layin sau uku bai sami inda zai tsaya ba, ƙarshe ya bar ta can bakin kwata. Da ya shigo sai ya ce, yana dariya, wai gidanmu ko wurin tsayawa babu. Shi wasa ya yi, ni kuma maganar ta zauna mini. Washegarin tafiyarsa na gangaro da duwatsun. Yana kira duk Juma'a, in tambaye shi aiki, ya tambaye ni ciwon ƙafa, a kashe waya. Ban taɓa ce masa ya zo ba, ban kuma taɓa yi masa zancen duwatsu ba.

To bara aka buɗe asibitin haihuwa a ƙarshen layin, motoci suka yi mana yawa, kullum sai an yi cacar baki. Kwamitin unguwa ya yanke cewa gidan da ke da mota za a ba shi takardar izini ya manna a gilashi, gidan da babu kuma a bar ƙofarsa ga masu zuwa asibiti. Jiya bayan la'asar shugaban kwamitin, Alhaji Barau, ya kawo mini takardar cikewa. Ya ce in rubuta sunan mai mota da lambarta zuwa safiya, ko in kwashe duwatsuna. Har da tsokana, wai ƙofar gidana ta zama inuwar giginya, na nesa ka sha. Kuma da hantsin ranar wani matashi ya tsaya, matarsa na naƙuda a kujerar baya, ya roƙe ni minti goma, na ce masa wurin yana da mai shi. Da wannan na kwanta, kuma ban ji daɗin kaina ba.

Sai ga ni a ƙofar gida da hantsi, ana ruwa. Daga ƙasa yake fitowa yana hawa sama, siriri-siriri, mata sun ɗaga robobi a kife suna tara. Ƙafafuna sun jiƙe, hulata a bushe. Motocin layin duk suna nan a kafe, sun yi saiwa, wata ma ta fitar da fure ta wajen madubi. Gidaje ne ke zirga-zirga. Benen Alhaji Barau ya wuce ni a hankali, ya kunna sigina zai sha kwana, shanya na kaɗawa a samansa. Na juya in shiga nawa, na tarar da fili. Mai shayin layin ya ce Uwani ta fita da shi kasuwa tun da safe, ba za ta daɗe ba. Na ce to, Allah ya dawo da su lafiya. Abin da ya dame ni kawai, duwatsuna ba sa nan.

Sai ga ni a ofishin ba da izini. Awaki ne ke riƙe da shi, kuma tsakani da Allah na ga ofisoshin da ba su kai shi tsari ba. Layi ya miƙe har waje, amma ni kaɗai ne mutum a ciki. A gabana akwai benci mai ƙafa uku, da tsohuwar taya, da jarkoki biyu ɗaure da igiya, duk abubuwan da mutanen layinmu ke tare wuri da su. Can gaba na hango duwatsuna, sun sha wanka, kowanne da 'yar hularsa. Na ɗaga musu hannu, suka yi kamar ba su gan ni ba.

Da layi ya zo kaina, wata tsohuwar jar akuya mai tabarau ta karɓi takardata tana tuƙa. Na gaya mata shekarun da na yi a layin, na lissafa mata maƙwabtan da na raka makabarta. Ta bari sai da na gama.

"Baba, a ina kake kwana?"

"A ɗakina, ranki ya daɗe."

"Jikinka ke nan. Mu ba jiki muke ba izini ba, jiki ko a tasha yana kwana. Hankalinka fa?"

Na yi niyyar yin ƙarya, amma ta miƙo wuya ta sansana hannun rigata, ta ce tana jin ƙarnin kifi da iskar teku. Ta ce ni mazaunin Fatakwal ne shekara shida cur, can zan je in nemi izini. Su duwatsu kuwa tunda aka ajiye su ba su taɓa tunanin wani wuri ba, don haka su ne 'yan unguwa na asali. Ta buga musu tambari da kofato. Sannan ta fara cin takardata a natse, ta faro daga layin da na bari babu suna, ta ce nan ya fi daɗi saboda babu tawada.

Sai ga ni kuma a layinmu. Duwatsun sun koma mazauninsu, kowanne da takardar izini manne a goshi. Can sai ga gidana ya dawo daga kasuwa, yana tafe yana rangaji, hayaƙin girki na fita ta bayansa. Uwani na tsaye a taga tana sarrafa shi da muciya. Ta rage gudu, ta leƙo, ta ce a matsa mata ta tsaya.

"Wurin yana da mai shi," in ji babban dutsen.

Da muryata ya faɗa, har da ɗan tarin da nake yi kafin magana. Uwani ba ta yi musu ba, dama ba halinta ba ne. Ta dai ce in ta sake zagayawa, miyar za ta zube, sannan ta murɗa muciyar ta zagaya.

A bayanta sai ga asibitin, fari fat, shi ma yana neman wuri. Ungozoma ta leƙo ta taga ta ce mini jariran sun ƙi fitowa sai ginin ya tsaya cak, su goma sha ɗaya ne suke jira tun jiya. Ta faɗa ne kamar mai ba da labarin farashin tumatir. Matashin nan na jiya yana bin ginin a ƙasa, riƙe da filas ɗin ruwan zafi da jakar kayan jariri. Da ya zo daidai da ni ya rusuna ya ce, "Sannu da hutawa, Baba." Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Na naɗe hannun riga na kama ƙaramin dutsen. Ni da na gangaro da shi da hannu ɗaya, yanzu ya fi taragon kaya nauyi. Na lallashe su, na tuna musu wanda ya shafa musu farar ƙasa, na ce zan kai ƙararsu wurin akuya. Ko a jikinsu, an tsikari kakkausa.

Ina cikin haka na hango wani mutum daga ƙarshen layi, tafe a ƙasa, ya ɗora mota a ka da gammo. Tunda motocin ƙasar ba sa tafiya, ɗauko ta ya yi tun daga Fatakwal, shi ya sa ya shekara shida a hanya. Wannan bayanin ya kwantar mini da hankali ƙwarai, har na ji kunyar zargin da na riƙa yi masa a zuci. Tun kafin in ga fuskarsa na gane shi, don tafiyata ce sak, har ɗan jan ƙafar hagu. Da ya matso na ga furfura a gemunsa. Ba wanda ya gaya mini ya yi furfura, a waya ba a jin ta.

Ya so ya durƙusa ya gaishe ni, kayan suka hana shi. Ya gaishe ni a tsaye, jijiyoyin wuyansa na rawa, ruwa na hawa ta gefen kunnuwansa.

"Baba, a ina zan sauke?"

Na nuna masa wurin da sauri. Faɗinsa daidai da motar, na sha auna shi da taku da asuba kafin mutane su fito. Ya ɗaga ƙafa zai shiga, duwatsun suka matso suka haɗe kafaɗa. Na ce musu su yi hankali, ai shi ne mai wurin.

"Wa?" in ji babban.

"Wancan."

"Kowa ma wancan ne. Shekara shida muna nan, rana da ruwa, ka ce mu hana kowa, ba ka taɓa gaya mana wanda muke jira ba. Faɗi sunansa mu matsa."

Sai na lura gidajen layin duk sun tsaya a tsakiyar titi, kowace taga da fuska. Alhaji Barau na saman bene ya dafa ƙarfe, akuyar nan ta gyara tabarau, Uwani ta sunkuyar da kai tana kallon muciya. Na ce ɗan Uwani ne. Duwatsun ba su motsa ba. Na ce mutumin Fatakwal, na ce babban yaron gidan, na ce mai sunan kakansa na wajen uwa. Ƙaramin dutsen ya yi hamma.

Shi kuwa sai ya yi dariyar nan tasa ta shekara shida da suka wuce, ya ce ba komai Baba, bari in zagaya. Ya gyara gammo ya bi bayan asibitin, asibitin na bin gidana. Haka suka jeru suna zagaya layin a hankali cikin ruwan da ke hawa sama. Da ya zo wucewa na farko, gemun ya yi fari rabi. Na biyu, ya yi fari duka, ya fara ranƙwafawa. Na sani, irin sanin da ake yi a mafarki ba tare da an gaya maka ba, cewa in ya sha kwana na uku ba zai dawo ba, zai miƙe ta bakin kwata ya koma inda ya fito. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ko ranar da birki ya ƙi mana a gangaren Kafanchan.

Sunan yana nan ƙarƙashin harshena. Rabon da ya fita bakina tun safiyar suna, da na raɗa wa liman shi a kunne, shekara arba'in da ɗaya. Na buɗe baki, ya ƙi. Ga shi can ya kai kwana, bayan motar kawai nake gani. Na rufe ido don kada in ga mutane.

"Nazifi! Dawo gida."

Sunan ya fito da tsatsa, amma ya fito. Ruwan ya tsaya cak a iska, ya yi ɗan tunani, sannan ya fara sauka ƙasa yadda aka saba. Duwatsun suka mirgina gefe kamar kaji an kora su. Can cikin asibitin wani jariri ya tsala kuka, wani ya amsa masa. A kwanar kuma mai ɗauke da motar ya tsaya, ya fara juyo da wuya a hankali saboda nauyi. Na ga kunnensa, na ga gefen gemun, saura kaɗan in ga idonsa, sai motar da ke kansa ta yi ham.

Ta sake yin ham. Na buɗe ido, gari ya waye tuni, hasken ya shigo ta labule. A ƙofar gidana ake danna shi, gajere-gajere, irin na mai roƙo. Ba na wancan ba ne, na sani. Uwani na tsaye a bakin ƙofar ɗaki da tsintsiya a hannu, tana kallon bango.

"Malam, ka yi magana cikin barci."

"Me na ce?"

Ta goge ido da gefen mayafi, ta ce wai hayaƙi ne, alhali ba ta hura wuta ba. Sannan ta ɗauko wayata daga kan taga ta ajiye mini a kan matashi, ko da yake yau Talata ce. Na ce ta bar ta nan, ina zuwa. Na zura takalmi na fita in gangarar da duwatsun, mai motar na ta danna ham.