Zanar Baƙi

A garinmu Kelimane, idan ka ga an shafa wa gindin itatuwan bakin kogi farar ƙasa, to baƙi na tafe. Idan kuma baƙi na tafe, matan da ke gasa kaji a ƙarƙashin itatuwan za su ɗauko zana su kafa ta tsakaninsu da titi, su koma bayanta su yi shiru har baƙin su wuce. Ba wani ne ya kawo musu zanar ba. Su suke saƙa ta da ganyen kwakwa, su suke ɗaure ta, idan ta yage su suke yi mata faci. Wannan ne abin da ya fi ƙona mini rai tun ina 'yar makaranta.

Dalilin duk wannan famfo ne. Ruwan koginmu gishiri ne, teku ke turo shi ciki, ba a sha kuma ba a wanke kaza da shi. Famfo ɗaya ne a wannan gefen, yana jikin katangar otal ɗin da ke kallon kogi. Tun zamanin tsohon mai otal aka yi alkawarin baka: ku ɗebi ruwa, amma ranar baƙi kada a gan ku. Tsohon ya mutu, ɗansa Senhor Hermínio ya gaji otal, ya gaji famfo, ya gaji tsoronmu. Abin takaici, kazar da otal ɗin ke alfahari da ita ta Tia Zulmira ce, yayar mahaifiyata. Ta ƙofar baya ake karɓa, a ɗora a farin faranti, a kai wa baƙo kamar daga kicin ɗinsu ta fito.

Da na dawo daga jami'a a Beira, otal ɗin ya ɗauke ni aikin zagayawa da baƙi saboda ina jin Turanci. Ranar da zan fara fita da su, na biya ta wajen Tia da safe, na tarar tana ɗaure zana da igiya a bakinta. Tun da na dawo take kirana Dotora, wato dakta, don zolaya.

"Tia, wai har yanzu?"

"Har yanzu me, Dotora? Riƙe min nan, kin tsaya kamar sandar lantarki."

"Ba zan riƙe ba."

"To matsa, kina tare min iska."

"Ku kuka saƙa, ku kuka ɗaure, ku kuka ɓuya. Ba kwa jin kunyar kanku?"

Ta cire igiyar daga baki ta dube ni sama da ƙasa. "Digirin nan da kike tinƙaho da shi, Telma, da ruwan famfon can aka wanke kajin da suka saye shi. Je ki yi wa baƙinki Turanci, ki bar manya su yi aiki."

Matan suka fashe da dariya. Mana Ercília, wadda murhunta ke kusa da na Tia, ta ce in gaishe da Turawa.

Ba Turawa ba ne. Tsofaffin ma'aikatan jinya ne daga Durban, mata zalla, baƙaƙe kamarmu, sun yi adashi sun fito ganin duniya. Muka ɗora kowacce a bayan keken haya. Babbarsu, Mama Thandeka, mace mai jiki da faffaɗar malfa, ta faɗa wa keken Mano Amâncio. Da ta zauna tayar baya ta lotsa, ya ce da yarenmu yau zai san ya ci abincin safe ko bai ci ba.

Senhor Hermínio ya tsara mini hanya: tsohon coci, sai bakin tashar jiragen ruwa, sai a juyo kafin a kai itatuwa. Ya kuma koya mini amsa. Idan wani ya tambayi ƙamshi, in ce kicin ɗin otal ne.

Rana ta take sosai, kogi na ƙyalli har ido ba ya iya kallonsa. Muna daidai inda ake juyawa iska ta kaɗo daga itatuwa, ta kawo ƙamshin madarar kwakwa da tafarnuwa da barkono a kan garwashi. Mama Thandeka ta dafa bayan Amâncio ya taka ƙasa.

"'Yata, mene ne wannan ƙamshin?"

Amsar tana bakina. Na dubi zanar, doguwa, sabuwar faci a tsakiyarta, hayaƙi na fita ta samanta kamar ba mutane ke hura wutar ba.

"Kazar yayar mahaifiyata ce," na ce. "Wadda kuka ci jiya a otal. Tana bayan zanar can."

"Me take yi a baya?"

"An ce kada ku gan ta."

Ban jira abin da za ta ce ba. Na sauka na tsallaka titi, na kama ƙullin da Tia ta yi da safe na warware. Zanar ta yi tangaɗi ta kife a kan yashi, ta ja ɓangaren da ke kusa da ita, shi ma ya bi.

Ga su nan. Mata a kan kujeru 'yan tsugune, zannuwa ɗaure a ƙugu, kowacce ta daskare a yadda take. Tia na riƙe da mafici a sama. Idon da ta yi mini, da wuƙa ne da ban kai gida ba.

Wata cikin baƙin ta ɗaga waya. Na sa hannu na tare. "Ba don hoto na buɗe ba, Mama. In kina so, ki gaishe ta tukuna."

Mama Thandeka ta taka har gaban murhu, ta cire malfa, ta gaida Tia, ta kira ta 'yar'uwa. Na fassara. Tia ta tura mata kujera da ƙafa. "Ce mata ta zauna. Ercília, kawo ruwan wanke hannu. Baƙo ya zo kuna kallonsa kamar ya sauko daga sama."

Suka ci da hannu, mai na bin yatsunsu, barkono na sa su hawaye suna dariya. Ana cikin haka Senhor Hermínio ya iso da farar rigarsa. Ya yi wa baƙi murmushi har kunne, ya juyo gare mu da yarenmu, murmushin bai sauka ba.

"Ke, kada in sake ganin ƙafarki a otal. Ku kuma, ku tada zanar nan yanzu, ko in sa wa famfo kwaɗo."

"Ba su gama ci ba, Senhor," in ji Tia.

Baƙin suka gama, suka rungume kowa, suka hau kekuna suka tafi. Jirginsu na sama na yamma ne. Ba su san komai ba, kuma ba su ceci kowa ba. Kafin la'asar famfo na sanye da kwaɗo.

Sai matan suka yo kaina.

"Gobe da Turancinki za mu wanke kaji?" in ji Mana Ercília. "Ke za ki ɗauki takardunki ki koma Beira. Mu ina za mu?"

"Ba inda zan koma. Kuma gara in ɗauko ruwa a kaina da in ga uwata a ɓoye kamar shara."

"Ji bakinta! Kan da bai taɓa ɗaukar bokiti ba!"

Mai gadin otal ya zo, yana kallon ƙasa, don shi ma ɗan unguwarmu ne. Ya ce Senhor ya ce gobe akwai wasu baƙin. Idan zana ta tashi yau kuma aka kai yarinya ta ba da haƙuri, za a cire kwaɗo.

Kowa ya dubi Tia. Tana zaune tana kankare wayar gasa kaji, ba ta ɗago ba.

"Tun ina da ƙuruciya nake gasa wa otal ɗin can," ta ce a hankali. "Faranti kawai nake gani, ya tafi cike ya dawo wayam. Yau na ga fuskar mai ci. Matar nan ta tsotse ƙashi a gabana, ta ce in gaya mata me nake sawa." Ta ajiye wayar. "Ban gaya mata ba. Ni mahaukaciya ce?"

Ta miƙe, ta taka zanar da ƙafa ɗaya, ta fizgo ganye cikin hannu. Ya bushe ƙayau. Ta cusa a murhu, wuta ta tashi da ƙara.

"Tia Zulmira!" in ji mai gadi. "Me zan ce masa?"

"Ce masa gawayi ya yi tsada. Kuma ce masa daga yau mai son kazata ya zo ya zauna a kan kujera."

Ba duka suka bi ta ba. Mana Ercília ta naɗe nata ɓangaren zanar ta ɗora a ka, ta ce ita ba da ita za a yi haukan dangi ba. Wasu suka mara mata baya, wasu suka tsaya suna kallon wutar.

Mano Amâncio, wanda ya dawo daga kai baƙi, ya jingina kekensa. Ya ce akwai famfo a bayan kasuwa, da nisa, kuma jarka ba ta kai Mama Thandeka nauyi ba. Amma shi ba ya taka keke da yunwa.

"Cinya ɗaya, ɓarawo," in ji Tia. Sannan ta juyo gare ni, ba murmushi ko kaɗan. "Ke kuma Dotora, tun da kin zama marar aiki, ke za ki bi layi. Kuma kada ki zo min da rabin jarka."

Washegari na bi layi. Hannuna ya yi kanta kafin mu ɗaure jarkokin a keke, Amâncio na tuƙawa ina turawa, yana yi mini waƙar 'yan makaranta don ya ba ni haushi. Da muka fito bakin kogi an ƙara wa itatuwa farar ƙasa. A can ƙarshe zanar Ercília na tsaye, gajeriya, ita kaɗai. Tia kuwa ta juya murhunta ya fuskanci titi, tana fifita, hayaƙin na tafiya kai tsaye zuwa barandar otal inda sababbin baƙi ke shan shayi.