Bugun Karkatau

Shekara talatin da ɗaya Karkatau yana koyar da wasan golf a wani kulob, ba wanda ya taɓa tambayarsa takarda. Sai da aka yi sabon manaja. Ya kira shi ofis, ko kujera bai nuna masa ba, ya ce daga wata mai kamawa duk malamin da ba shi da shaidar hukuma ba zai sake tsayawa gaban ɗalibi ba. Za a turo mai jarrabawa. Ƙwallo goma za a buga daga yadi ɗari da hamsin, bakwai su sauka cikin da'irar da aka zana kewaye da tuta. Kuma ana kallon yadda mutum yake bugawa.

Kallon nan shi ne masifar. Karkatau ba a makaranta ya koya ba. Tun yana saurayi mai ɗaukar wa 'yan wasa jaka yake gwadawa a ɓoye cikin rumfar ajiye injin yankan ciyawa, rumfar kuwa rufinta ƙasa-ƙasa ne. In ka ɗaga sanda sama sai ta daki kwano, mai gadi ya ji. Haka hannunsa ya saba zagayowa ta gefe kamar mai yanka da lauje, har ya samo wannan suna. Bugun ba kyan gani, amma inda ya aiki ƙwallo nan take zuwa.

'Yarsa ta fari ita ma malamar wasan ce, mai takarda har biyu. Ita ta ɗauki gyaransa, kullum da sassafe kafin mutane su iso.

"Baba, hannunka. Ɗaga shi sama."

"Na ɗaga."

"Gira ka ɗaga, hannu yana nan inda yake."

"Ke! Ni na riƙa miki sanda kika fara bugu, kina fama da majina."

"Shi ya sa na yi shekara biyu ana cire min abin da ka sa min. Sake."

Ya sake. Ƙwallo ta yi dama, ta faɗa tafki. Ta biyu ta bi ƙasa kamar ɓera.

Mako biyar ana haka. Ta gyara masa riƙon sanda, ya zauna. Ta gyara masa tsayuwa, ita ma ta zauna. Amma kafaɗar mai shekara sittin da uku ta ce ba da ita ba. Har ta kai in zai sa riga sai matarsa ta kama masa hannu ɗaya.

"Malam, ka bar musu kayansu mana," in ji ta, tana shafa masa man zafi. "Filin nan ba shi ya haife ka ba."

"In bar shi in zama me? Tsohon ƙofar gida mai ƙirga motoci?"

Abin da bai gaya mata ba ya fi ciwon. Ran nan ya faki ido ya gwada tsohon bugunsa, ya tarar shi ma ya gudu. Sabo bai zo ba, tsoho ya tafi. Ya tsaya da sanda a hannu, jikinsa bai san ta inda zai fara ba, gumi yana bin bayansa tun rana ba ta yi zafi ba.

Ana gobe jarrabawa 'yar ta dube shi yana cije leɓe, ta ce, "Baba, riƙe tsayuwar da riƙon. Hannun kuwa, bar shi ya tsaya inda kafaɗa ta yarda."

"Jiya ɗaga, yau sauke? Wahalar mako biyar ta tashi a banza ke nan? Na littafi suke so, na littafi zan ba su."

Taurin kan tsoho ya fi na yaro muni, don shi ba mai tsawata masa.

Mai jarrabawa ya zo da allo da biro, mutum ne mara magana. Karkatau ya ɗaga sanda har sama yadda littafi ya ce. Ta farko ta yi dama. Ta biyu ta yi hagu. A ta uku wani abu ya soke shi a kafaɗa har idonsa ya kawo ruwa, ƙwallo ko rabin hanya ba ta kai ba. Saura bakwai, kuma duk bakwai ake so.

Ya dubi 'yarsa. Ya gyara ƙafa yadda ta koya masa, ya riƙe sanda yadda ta koya masa, ya bar hannu ya kai iyakar da zai iya. Ƙwallo ta tashi sak, ta sauka gindin tuta. Ya sake, ta shiga. Shida a jere, ba wadda ta kauce. A ta goma ya ja hannu baya, kafaɗar da ya riga ya ƙarar ta saki. Ƙwallo ta tafi daidai, ta faɗi taki ɗaya kafin layi.

"Shida," in ji mai jarrabawa, yana rubutu. "Riƙonka da tsayuwarka ba laifi. Hannu kuwa kowa da irin nasa, ban taɓa kayar da mutum a kansa ba. Me ya sa ba ka fara da shi ba?"

Karkatau ya dafe kafaɗa, mutumin ya ci gaba.

"Sai bayan wata uku ka sake. Kafin nan ba koyarwa."

Da mutumin ya tafi, Karkatau ya zaro ɗan littafin sunayen ɗalibansa daga aljihu da hannun da ke motsi, ya miƙa wa 'yarsa.

"Likitan nan na ranar Asabar, gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa. Kada ki matsa masa."

"To, Baba."

"Kuma aro na ba ki su, ba kyauta ba."