Ɓauren Baba Obadiya

Ni aka ɗora wa tafinta a aikin gyaran majami'armu, don a cikin Yahudawan birnin Kobe na Japan, da ba mu kai gida talatin ba, ni kaɗai ce na yi makarantar Japanawa tun daga firamare. Sauran sun iya na gaisuwa da na sayen kifi. Aikin kuwa ba kaɗan ba ne. Rufi yana yoyo daidai inda mata ke zama, katangar baya ta tsage, ga tsakar gida da za a sake daɓewa, kuma ana so a gama kafin Sabuwar Shekararmu. Kwamiti yakan zauna ranar Lahadi bayan addu'ar safe. Litinin sai in ɗauki Noga, 'yata mai shekara uku, in je in gaya wa shugaban magina abin da aka yanke.

Sunansa Kuwahara-san, wani dattijo siriri mai ɗaura farin tawul a ka. Sau ɗaya aka gaya masa ba a shiga ɗakin addu'a da kai a buɗe, ba a sake maimaitawa ba. Ranar Juma'a da azahar, kafin a tuna masa Asabar na shigowa, ya sa an tattara kayan aiki an share wurin. Ya taɓa ba Noga alewa, na karɓe na ce ba kowace muke ci ba. Washegari sai ga shi da lemo.

A kusurwar tsakar gidan, jikin katangar da ta tsage, akwai ɓaure. Marigayiya Farha, matar Baba Obadiya shugaban kwamitinmu, ita ta dasa shi shekara arba'in da suka wuce, da reshen da ta zo da shi daga gidan iyayenta a Halab ta ƙasar Siriya. Kowace shekara yana 'ya'ya har su zube su ruɓe a ƙasa, manyan zirnaƙon nan masu jan kai su yi ta shawagi a kai. Ƙarshen watan Agusta ɗaya ya harbi Noga a wuya. Kafin mu isa asibiti fuskarta ta kumbura, numfashinta yana fita da ƙara. Likita ya ba ni allurar da zan riƙa yawo da ita a jaka, ya ce harbi na biyu yakan fi na farko muni.

Ranar Lahadi na kai maganar gaban kwamiti, na ce tunda ana gyara a sare bishiyar. Malaminmu ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya faɗi abin da kowa ya sani: dokar addininmu ta hana mu sare bishiya mai 'ya'ya, sai in ba wata hanya. A nan kuwa, in ji shi, akwai hanya. A rage rassa, a sa raga, a riƙa tsinke 'ya'yan da wuri.

Baba Obadiya ya leƙo ni ta saman tabarau. "Mazal, ke da kika hau bishiyar nan kika yage rigar Asabar, uwarki tana binki da takalmi, yau ke ce mai gatari?"

Aka yi dariya. Ya turo mini farantin gurasa, ya ce in ci, ya yi alkawari da kansa zai riƙa zuwa tsintar waɗanda suka faɗi. Mutum mai shekara tamanin da ba ya iya ɗaure takalminsa. Na ci gurasar, na ce to.

Litinin da safe na samu Kuwahara-san yana auna katanga. Na karanto masa na rufi, na karanto na daɓe. Da na zo kan bishiya sai na ji bakina yana cewa kwamiti ya ce a sare. Ya ce in don katanga ce, yana iya kewaye ta ba tare da ya taɓa saiwa ba. Na ce ba don katanga ba ce.

"Daga tushe?"

"Daga tushe."

Ya dubi wuyan Noga, inda har lokacin akwai baƙin tabo, bai ƙara tambaya ba. Kafin azahar ɗin Talata an yanka, an loda a mota, an share garin katako.

Ina wurin sa'ad da Baba Obadiya ya zo ranar Laraba, da 'yar jakar ledarsa ta tsintar ɓaure. Ya tsaya a kan kututturen ya daɗe. Bai tambaye ni komai ba, don bai taɓa zuwa masa cewa akwai abin tambayata ba. Cewa ya yi mutumin nan ya raina mu, ya ga bishiya ta tare masa hanya ya kawar. Ban gyara masa ba. Na ce wa kaina zai huce.

Kafin yamma waya ta ishe ni. Matan jama'a suna ta jajanta wa juna. Wata tsohuwa, ƙawar mahaifiyata, ta tuna mini abin da manya ke faɗa, cewa wanda ya sare ɓaure kan ɗansa abin ke komawa. Ta ce mu gode wa Allah da ba hannun ɗayanmu a ciki. Noga tana zaune a gabana tana cin shinkafa da hannu biyu. Na ce amin. Nissim, mijina, da ya dawo daga shago ya ce kome dai muninsa ni na huta da fargaba. Shi ma ban gaya masa ba.

Baba Obadiya bai huce ba. Ya sa na buga wa kamfanin maginan waya, da bakina, na ce kwamiti ba ya son sake ganin wannan shugaban magina a wurin.

Ranar Alhamis da hantsi suka zo. Manajan kamfanin yana gaba da kwalin 'ya'yan itace a naɗe da takarda, Kuwahara-san yana biye cikin baƙar kwat da ta yi masa yawa a kafaɗa. Ban taɓa ganin kansa ba tawul ba, ashe duk furfura ce. Muka tsaya a tsakar gida kusa da buhunan siminti, su biyu a can, Baba Obadiya da malam da mutum uku na kwamiti a nan, ni a tsakiya.

Manaja ya fara. Ya ce daga gobe za a turo wani, kuma shekara talatin da shida mutumin nan yana tare da su ba a taɓa kawo ƙararsa ba sai yau. Na fassara. Sai Kuwahara-san ya matso, ya miƙe hannuwa a cinya, ya sunkuya har ina ganin ƙeyarsa. A haka ya yi magana. Ya ce laifinsa ne shi kaɗai. Ya ce bishiya abu ne mai rai, kamata ya yi ya nemi takarda da hatimi kafin ya sa zarto, bai nema ba. Bai ambaci sunana ba, bai ko dubi inda nake ba.

Ya tsaya yana jira, kansa a ƙasa. Kowa ya juyo gare ni.

Na fara. Na ce, ya ce laifinsa ne. Daga nan harshena ya ƙi gaba.

"Ina jinki," in ji Baba Obadiya. "Ko Japanancin ne ya ƙare?"

"Baba, ni ce. Ni na ce masa kwamiti ya ce a sare. Ya ce yana iya kewaye ta, na ce a'a."

Malam ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Kuwahara-san kuwa, da bai ji abin da na faɗa ba, yana nan a sunkuye.

Na so in ambaci Noga da likita da allurar da ke cikin jakata. Duk gaskiya ne, kuma ko yau aka tambaye ni ba zan ce ina kewar zirnaƙon nan ba. Amma ba shi ne abin da ke gabanmu ba, sai na haɗiye.

Baba Obadiya ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Muryarsa ba ta tashi ba.

"'Yar Shaul, da kin zo gidana kin yi mini kuka, da watakila ni da kaina na sake zuwa wurin malam. Amma jiya da bakinki kika buga waya." Ya nuna mutanen biyu da haɓa. "Faɗa musu da yarensu. Duka, kar ki rage."

Na faɗa. Na fi jin nauyinsa a karo na biyu, don a Japananci dole in zaɓi kalmomin ladabi ɗaya bayan ɗaya, ga manaja yana kallona baki a ɗan buɗe. Kuwahara-san ya ɗago a hankali, fuskarsa ta yi ja, kamar shi aka kama. Ya fara cewa duk da haka takardar nan, sai Baba Obadiya ya ɗaga masa hannu. Tsohon nan ya fi shekara hamsin a ƙasar bai taɓa iya sunkuyawa yadda ake yi ba, amma ya dafa sandarsa ya sunkuya, a karkace, ya daɗe a haka. Ya ce in gaya wa manaja ba ma son kowa sai wannan, in zai yarda ya dawo. Wannan ita ce magana ta ƙarshe da na fassara musu.

Kuwahara-san ya dawo washegari da tawul ɗinsa. Daga ranar, duk abin da kwamiti ya yanke rubutawa ake yi, a kai ofishin fassara, a buga hatimi. Ba wanda ya ce mini an cire ni, an dai daina kirana. Aikin ya ƙare kwana huɗu kafin idi, rufi ya daina yoyo. Ranar idin na zauna a sahun baya na mata, Noga a cinyata. An gaishe ni, an yi mini barka da shekara, ba wadda ta ɗaga maganar, har ƙawar mahaifiyata. Da ma ta ɗaga.

A kwana goman nan da ke tsakanin Sabuwar Shekara da Ranar Kafara muke neman gafarar juna, don azumin ranar ba ya wanke abin da ka yi wa ɗan'uwanka sai ka je ka roƙe shi, har sau uku in ya ƙi. Ni da Nissim muka je wurin Kuwahara-san, dattijon ya hana ni ƙarasa roƙon, ya yi ta tambayar wuyan yarinya. Gidan Baba Obadiya na je sau biyu. Na farko jikarsa ta ce yana barci, alhali ina jin rediyonsa. Na biyu ya bar ni na shiga, ya sa aka kawo mini shayi, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce shayin zai huce.

Gobe da safe zan koma. Nissim ya ce in tafi da Noga, wai tsohon ba ya iya ɗaure fuska a gabanta. Na ce a'a, zan kai ta makaranta tukuna, in tafi ni kaɗai.