Daɓen Katako a Ɗakin Mma Salimatu

Alidu kafinta ne a Bawku. Aikin 'yan kwanaki ya kai shi Salaga a farkon shekarar 1994. Awudu, wanda suka koyi sana'a tare a Kumasi kafin ya tafi Jamus, shi ya aiko wa mahaifiyarsa, Mma Salimatu, kwalayen wani katako mai sheƙi da ake shimfiɗawa a kan daɓen siminti, ya ce kada kowa ya taɓa sai Alidu. Alidu ya baro matarsa Lamisi a Bawku da tsohon ciki, ya ce mata ba zai wuce Juma'a ba.

Tun a bakin ƙofa Mma ta nuna masa katakon da ya zagaye gindin bangon ɗakinta.

"Marigayi baban Awudu ne ya kafa shi da hannunsa. Ko ƙusa kada ka zare."

"Mma, in ba a cire shi ba, aikin zai yi wuya."

"To ya yi wuyar, ɗana."

Haka ya share simintin, ya cike ramuka, ya shimfiɗa leda saboda danshi. Ya riƙa jera katakon yana shafa gam a bakinsa, yana barin 'yar rata a jikin bango don in damina ta kumbura shi ya sami wurin motsi.

Ya kai tsakiyar ɗaki ke nan faɗan ƙabilanci ya ɓarke wajen Bimbilla. Kafin a ce me, motoci sun daina shigowa. Kullum da safe Alidu zai je tasha, ya tarar da direbobi zaune jugum.

"Ko Tamale?"

"Ko bayan gari, malam. Koma gida."

Babu wanda zai ba saƙo ya kai wa Lamisi. Mutanen ƙauye kuwa sai kwararowa suke da ƙunshin kaya a ka. Mma ta buɗe musu gida, har ɗakin nata ya cika da mata da jarirai. Sai an naɗe tabarmi an matsa gefe Alidu ke samun wurin durƙusawa. Duk jaririn da ya tsala kuka, sai zarton ya tsaya a hannunsa.

Layin ƙarshe ya ƙi shiga. Katakon gindin bangon ya hana guduma wuri. Ya lanƙwasa wani ƙarfe ya saƙala, yana ja, yana zamewa, har yatsunsa suka fashe. Mma ta daɗe tsaye tana kallonsa.

"Alidu, cire shi kawai. Mai shi ya riga ya tafi."

Ya girgiza kai, bai ɗago ba.

"Bar shi, Mma. In na gama yau, gobe me zan yi da kaina?"

Ta kawo masa koko, ta zauna kusa da shi.

Sai bayan makonni sojoji suka fara raka motoci. Ya bar siraran katakon da zai rufe ratar jingine a lungu, ya maƙale a bayan motar doya.

A Bawku ya tarar Lamisi ta haihu, har an yi suna. Wani ya kawo labarin an gan shi cikin gawarwaki a hanyar Yendi, an ma fara zuwa yi wa uwarsa gaisuwa. Lamisi ta fito ta tsaya tana dubansa. Can ta kwance goyon ta miƙa masa.

"Sunanta Barakatu," ta ce. "Riƙe ta."