Ƙarfen da Patience ta Dafa a Tukunya

Wurin ajiye mota ɗaya tak aka ba su Patience a benen da suke haya a unguwar Sentul ta birnin KL, can ƙasar waje, kuma tunda mijinta Barnaba ya jawo wata jar tsohuwar motar tsere mai kujera biyu, ita ce ta mamaye wurin. Ƙaramar motar Patience sai ta koma kwana a titi. Rana ta gasa ta, ruwa ya dake ta, ita kuwa mai ita kullum tana tsallake kwata da ledojin cefane.

Da abin ya ishe ta sai ta yanke hukunci: ranar Asabar jar motar za ta kai ta unguwar Brickfields cin abinci. In ta mutu a hanya, ta bar gidan.

Barnaba ma'aikacin banki ne. Abokinsa na gyaran motar, Dakta Maitama, lissafi yake koyarwa a wata jami'a da ke titin Jalan Semarak. Babu bakanike a cikinsu, amma sufana kam sun sayi kowane girma.

Ana gobe Asabar, Patience ta buɗe gwangwanin madara a kicin, ta tarar da notuna da ɗan bututu da wani ƙarfe mai kama da ƙaramar fitila.

"Baban Levi, mene ne wannan a kayana?"

"Tamostat ne. Na ƙasar sanyi ne, mun cire. Jefar kawai."

Ba ta jefar ba. Ɗalibar kimiyya ce, kuma ba ta iya barin abu bai gaya mata aikinsa ba. Da ya fita, ta ɗora ruwa a tukunyar shayi ta saka ƙarfen. Ruwan na ɗaukar zafi sai ga kansa yana ɗagawa a hankali, kamar mai hamma. Wannan bai ba ta mamaki ba. Abin da ya tsayar da ita shi ne wani zobe da ke gefensa, wanda shi ma ya zame ya hau sama. Ta tsamo, ya huce, zoben ya sauko. Ta mayar, ya sake hawa. Me yake rufewa? Har shinkafarta ta kama ba ta sani ba. Ta naɗe shi a hankici ta jefa a jaka.

Ran Asabar suka fito, ita da Barnaba a jar motar, Maitama a bayansu cikin motarta da jarkokin ruwa. Iska na kaɗa mata ɗankwali, 'yan babur suna ɗaga musu babban yatsa. Ta kama kanta tana murmushi, ta yi maza ta ɗaure fuska.

Ba su yi rabin hanya ba allurar zafi ta kwanta a ja, tururi ya turnuƙe daga gaba. Barnaba ya gangara gaban wani shagon mamak, mai sayar da shayi da abinci, ya kashe. Ya zauna yana shafa sitiyari.

Maitama ya iso yana haki. "Wallahi ban gane ba. Lagireto sabo, fanka na juyawa. Kuma abin da ke tare ruwa mun cire shi! A Kano mota na sauka daga Kwatano shi ake fara fizgewa."

"A Jos ma haka ne," in ji Barnaba, murya ƙasa-ƙasa.

"Ku 'yan Jos ai ku kuka fi cancantar barin sa a mota, masu kwana da safa," in ji Maitama.

Patience ta riƙe jakarta gam. In ta yi shiru, wurin motarta ya dawo yau ɗin nan. Amma zoben nan fa? In aka ja motar aka tafi da ita, har abada ba za ta san me yake rufewa ba.

"In inji ya huce, ku buɗe min inda kuka ciro shi."

"Madam, kin riga kin ci," in ji Maitama. "Kada ki haɗa mana da dariya."

"Dakta, buɗewa kawai na ce."

Suka sha shayi, suka kwance notuna uku. Ta leƙa da fitilar wayarta. Ga babbar hanyar da ke zuwa lagireto, ga kuma wani ɗan rami a gefe.

"Wannan ina ya nufa?"

Mazan suka haɗa kai suna bin sa da yatsa. Barnaba ya ɗago. "Inji yake komawa."

Ta roƙi mai shagon tafasasshen ruwa. Ya ce boleh, wato ba matsala, ya kawo a kofi, ya tsaya shi ma yana kallo. Ta jefa ƙarfen. Kai ya ɗaga, zobe ya hau.

"Kun gani? Yana buɗe babbar hanya, yana toshe ƙaramar. Da kuka cire shi, ruwan sai ya riƙa yanke ta kusa yana komawa inji da zafinsa. Wa zai yi doguwar tafiya ga gajeriya?"

Maitama ya cire hularsa ya sosa kai. "To amma a gida me ya sa..."

"Ban sani ba, Dakta. Wannan dai na dafa."

Suka mayar da shi, suka cika ruwa. Allura ta hau tsakiya ta tsaya cak, ko a cunkoson tashar KL Sentral ba ta motsa ba. Idon Patience na kanta har suka tsaya a Brickfields.

Barnaba ya kashe mota, ya kasa haɗa ido da ita. "Maman Levi, ta mutu a hanya. Magana magana ce. Zan nemi mai saye."

"Ta kawo ni ko ba ta kawo ni ba?"

"Ta kawo ki, amma..."

"To ta zauna." Ta miƙa hannu. "Makullin. Da ita zan riƙa zuwa makaranta. Kai ka ɗauki tawa, ka koyi tsallake kwata."

Ya miƙa mata. Ta juya makullin a tafinta, sannan ta dubi Maitama da ke fitowa daga ƙaramar motar.

"Dakta, akwai saura a gwangwanin nan fa. Notuna bakwai da wani ɗan bututu. Su kuma daga ina?"

Maitama ya dubi Barnaba, Barnaba ya dubi tayoyin.

"Mu fara makan, mu cika ciki tukuna, Madam," in ji Maitama.